Ungulayen Bayan Mayanka

Akwai wani tsoho mai shara a wata mayanka, kowa Baba Mai Baro yake ce masa. Ya fi shekara talatin yana tura baro a wurin, har mariƙin baron ya side daidai inda yake sa hannu.

Aikinsa shi ne kwashe abin da ba ya sayuwa. Idan mahauta sun gama yanka da fiɗa, sai ya bi ya tattara ruɓaɓɓen huhu, da hantar da likitan dabbobi ya ce a zubar, da guntayen fata da jijiya. Wata rana ma har saniya sukutum, wadda ta mutu kafin wuƙa ta kai wuyanta, sai a taya shi ja da igiya.

A bayan katangar mayankar akwai wani dandamalin siminti, ga manyan itatuwan rimi guda huɗu a gefensa. Nan yake kai kayan. Amma ba ya juye su tsibi guda. Baza su yake yi da shebur, idan mushe ne kuma ya tsaga fatar cikin ya buɗe. Sannan ya buga shebur a jikin baro sau uku, ya koma gefe.

Kafin ƙarar ta lafa, ungulaye sun fara sauka daga kan rimi. Su sittin ne, Baba ya san adadinsu kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta. Kafin azahar babu abin da ya rage sai farin ƙashi. Hankaki da shirwa su tsince ɓurɓushi, belbela ta bi kwata tana cin ƙuda da tsutsa. Baba ya watsa ruwa bokiti biyu, ya tafi gida.

Mahauta sukan tsokane shi.

"Baba, ma'aikatanka sun iso. Yau ma ba ka kawo musu shayi ba?"

"Su ba sa shan shayi," in ji Baba. "Ba sa makara, ba sa ciwon kai ranar da aiki ya yi yawa. Da za ku yi koyi da su, da kun zama mutane."

A bakin famfo kuma akwai Gwaggo Mai Hanji, wadda ke wanke hanji da tumbi. Sa'ar Baba ce, bakinta kuwa ya fi wuƙar kowa kaifi a mayankar.

Ana nan sai shugaban mahautan ya rasu, aka ɗora ɗansa. Farin Kaya ake ce masa, don kullum cikin fararen kaya yake, an goge su ƙal. Gaskiya ba za a ce bai yi aiki ba. Ya gyara famfo, ya sa tayil a wurin fiɗa, ya canza kwanon rufi. Dalilinsa kuwa, hukumar lafiya ta yi sanarwa cewa duk mayankar da ba ta samu takardar tsafta ba kafin ƙarshen damina, rufe ta za a yi. Gida arba'in ke ci daga wannan mayanka. Takardar nan ita ce abin da ke gabansa.

Wata safiya ya kawo baƙo, manajan wani babban kanti da yake so ya riƙa sayen nama a hannunsu. Yana cikin nuna masa sabon tayil, sai wata ungulu ta gifta ta sama, ta saki kashi a kafaɗar farar rigarsa.

Wani mahauci da ake ce wa Dogo ya ce, "Shugaba, ga takardar tsaftar nan an buga maka hatimi."

Aka fashe da dariya, har baƙon ya juya baya yana riƙe baki.

Baƙon na fita, Farin Kaya ya sa aka kira Baba.

"Daga yau ka daina kiwon ƙazanta a bayan katangar nan."

"Ɗana, ba ni nake kiwon su ba. Su suke riƙe da wurin nan. Babanka ya sani."

"Babana ya mutu. Kuma kada ka ƙara ce min ɗanka a wurin aiki. Mutane suna sa tayil, kai kana buga wa masu sanƙo ganga."

Baba ya ce, "To idan sun tafi, wa zai kwashe?"

"Rami za a haƙa, kamar yadda wayayyu suke yi."

Aka haƙa rami. Aka kuma kawo masu injin yankan katako, suka kayar da rimi uku, wai za a yi wurin ajiye motoci. Na huɗun ya tsira ne kawai don yana cikin filin maƙwabci.

Da rimin farko ya faɗi, Baba ya shiga cikin rassan yana dubawa. Ya fito da ɓawon ƙwai a tafin hannunsa, ruwan yana ɗiga ta tsakanin yatsunsa. Ya kai wa Farin Kaya har gabansa.

"Ka ga wannan? Ƙwai ɗaya take yi a shekara. Ba kaza ba ce. Aikin shekara guda ke nan ka fasa."

"To a soya maka," in ji Farin Kaya.

Gwaggo ta ɗago daga bakin famfo. "Kai ɗan nan, da hannuna na sha wanke maka kashi a famfon nan, ban ce a sare ka ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yanzu ma ka sare rimin da za ka hau."

Farin Kaya ya juya ya bar wurin.

Ungulaye ba su tafi ba. Ina za su? Suka koma kan sabon rufin, suna tafiya a kan kwano ƙwaras ƙwaras daidai saman ofishin Farin Kaya. Ya sa aka jefe su, suka dawo. Ya ce Baba ne yake kiran su a ɓoye. Ranar nan ya karɓe baro da shebur a gaban kowa, ya ce masa ya je gida ya huta.

Mutumin da ya girmi ubansa. Baba ya tafi hannu rabbana, ko waige bai yi ba.

Bayan kwana huɗu wata saniya ta mutu a garke, likita ya ce kada a taɓa namanta. Farin Kaya ya sa aka ja ta zuwa dandamalin. Da hannunsa ya tsaga cikin, kamar yadda ya ga Baba yana yi. Ya juye mata galan guda na maganin feshin gona. Sannan ya ɗauki shebur ɗin Baba, ya buga a jikin baro sau uku.

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai a labarin nan. Da kiran da suka yarda da shi ya kira su. Shekara talatin ƙarar nan ba ta taɓa yaudarar su ba.

Suka sauko gaba ɗaya.

Da hantsi Gwaggo ta isa gidan Baba, hannunta ko wankewa ba ta yi ba. Matar ɗansa ce a tsakar gida tana wanki, wata yarinya mai kunya da ba ta cika ɗaga ido ba.

"'Yar nan, kira min surukinki. Ki ce masa ya zo ya ga abin da aka yi wa ma'aikatansa."

Da Baba ya isa, dandamalin ba wurin sa ƙafa. Wasu sun mutu da kansu a cikin saniyar. Wasu sun yi ƙoƙarin tashi sun faɗo a kan katanga, fukafukai a buɗe. Ga hankaki, ga shirwa, har da kyanwar da ke kama ɓeraye a ɗakin fatu, duk a miƙe. Mahauta suna tsaye cirko-cirko, har da Dogo.

Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juyawa da ƙafa. Farin Kaya yana gefe, ya toshe hanci da farin hankici.

"Kai ka buga shebur ɗin?" in ji Baba.

"Ni na buga. Wurina ne."

"Wurinka. Ka zo ka same su a nan. Ubanka ma ya zo ya same su. Me suka ci naka? Abin da ka zubar. Abin da kai ba ka iya taɓawa da wannan farin hannun naka."

"Tsoho, ka iya bakinka."

"Ba zan iya ba. Ka aiki guba, ka zaci ta san sunan wanda ka aike ta wurinsa? Kyanwar nan me ta yi maka? Anjima za a wanke dandamalin nan, ruwan ya bi kwata ya shiga rafi. A can ma za ka tsaya ka ce mata ban da kifi?"

Babu wanda ya taɓa jin Baba ya ɗaga murya sai ranar.

Ya tarar da ungulaye guda uku suna numfashi. Ya ɗauki baronsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ya sa su a ciki, ya tura har gida.

A gida ya kori kaji daga akurki, ya sa su. Matar ɗansa ta tsaya tana kallo. Wari ne da su, ga kai kamar an fige. Da ta ji ya ce da za a samu gawayi, sai ta je murhu ta ɗebo, ta daka, ta jiƙa a ruwa, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Shi yana buɗe baki, ita tana ɗura da cokali.

Maƙwabta suka samu abin faɗa.

"Amarya, mun ji an kawo miki talo-talo. Yaushe za a yanka?"

Sai ta sunkuyar da kai ta wuce.

Ɗaya ta mutu a rana ta biyu. Biyu suka miƙe, amma suka daɗe ba su iya tashi ba. Gwaggo ce ke kawo musu guntayen hanji a leda kowace yamma.

A mayanka kuwa, mako biyu na farko Farin Kaya har fito yake yi. Rufi shiru, sama fes.

Sai ruwa ya sauka. Ramin ya cika, abin da ke ciki ya kumbura ya taso. Aka haƙa na biyu, shi ma ya cika. Abin da ungulaye ke gamawa kafin azahar, yanzu sai ya yi mako yana ruɓa. Ƙudaje suka zo, manya koraye, suka lulluɓe sabon tayil ɗin har ba a ganin farinsa. Belbela babu, don itatuwan da take kwana an sare. Ɓeraye suka cinye fatu.

Matan mahauta ne suka fara ji a jikinsu. Ki wanke rigar miji sau uku, ki shanya, warin yana nan. Matan unguwar suka daina shanya a waje. Yara suka fara gudawa gida-gida.

Sannan karnuka. Da can guda uku ne ke raɓewa a bakin katanga, don ungulaye ba sa bar musu komai. Yanzu abinci ya samu. Suka taru daga ko'ina, suka hayayyafa, suka fi talatin. Suna tone ramin, suna jan ruɓaɓɓen nama har ƙofar gidajen mutane.

Dogo ya ce, "Shugaba, mun kori masu shara, mun ɗauki 'yan daba."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Wata safiya Gwaggo tana sunkuye a bakin famfo, wani kare mai dalalar da miyau ya zo ta baya ya kama mata ƙwauri. Da ƙyar mahauta suka ɓamɓare shi. Aka kai ta asibiti, aka yi ɗinki, aka sa ta zuwa allura har sau biyar saboda tsoron haukan kare. Allah ya yi da sauran kwananta, amma har yau tana ɗingishi.

A makon ne duba-gari ta hukumar lafiya ta zo. Mace ce dattijuwa, ta daɗe tana duba mayankar tun zamanin tsohon shugaba. Farin Kaya ya tare ta da sabbin kaya, ya nuna mata famfo, ya nuna mata tayil. Ta wuce shi ta nufi bayan katanga. Ta tsaya ta dubi ramin, ta dubi karnukan, ta ɗaga kai sama.

"Ina ungulayen?"

"Ranki ya daɗe, ai na kawar da su. Saboda tsafta."

Ta juyo ta dube shi.

"Saboda tsafta. Ka san me ya sa ban taɓa rufe wurin nan ba, lokacin da ko famfon kirki babu? Su ne. Ungulu idan ta ci mushe, cutar a cikinta take mutuwa. Kare idan ya ci, yawo yake yi da ita gida-gida. Ka kashe masu kashe cuta, ka tara masu raba ta, sannan kana nuna min tayil."

"Ranki ya daɗe, a ba ni wata guda."

"Wata guda ka ƙyanƙyashe sittin?"

Ta sa aka kawo kwaɗo, aka rufe ƙofar mayankar.

Gida arba'in suka wayi gari babu sana'a. Mahauta suka taru a ƙofar gidan Farin Kaya, ba gaisuwa ta kai su ba. Dogo ya ajiye wuƙaƙensa a bakin ƙofar ya ce, "Ga su nan, ka dafa wa 'ya'yana su ci."

A rana ta uku Farin Kaya ya je gidan Baba. Matar ɗan Baba ce ta shimfiɗa masa tabarma, ta ajiye ruwa, ta koma bakin murhu. Yana zama ya hango ungulaye biyu a kan katangar banɗaki suna kallonsa. Ya kasa shan ruwan.

"Baba, na yi kuskure. Ɗanka ne ni."

"Yau kuma?"

"Ka taimaka ka kira su. Na san akwai wasu a daji. Kai suke ji."

Baba ya tashi ya sa takalmi, ya kama baronsa. "Mu je."

Suka je dandamalin, mahauta suna biye. Baba ya ɗauki shebur ya miƙa masa.

"Ai ka iya. Buga."

Farin Kaya ya buga sau uku. Kowa ya ɗaga kai. Sama wayam, ko tsuntsu ɗaya babu. Ya ƙara bugawa da ƙarfi. Sai karnuka suka ɗago kai daga ramin, suka fara tahowa.

"Ga naka nan sun amsa," in ji Baba. "Wane daji kake magana? Na garin nan kaf su ne ka tara a wuri ɗaya. Ka zaci akwai wani rumbu da ake ajiye su, idan sun ƙare a ɗebo?"

Farin Kaya ya durƙusa a kan simintin, fararen kayan suka sha abin da suka sha. "To yaya za mu yi?"

"Aikin da suke yi, ku za ku yi. Kowace rana a kwashe, a kai bayan gari, a ƙone, a binne da zurfi. Ba gobe ba, ranar. A dasa itace a inda aka sare. Guba kuma kada ta ƙara shigowa nan, ko ta ɓera ce. Biyun da ke gidana zan kawo su kan rimin da ya rage. Abin da za su iya ci, ni zan ba su. Sauran kuwa," ya nuna baron, "kai za ka tura."

Wata biyu aka yi kafin duba-gari ta cire kwaɗon, shi ma da sharaɗin za ta riƙa zuwa duk mako. Kafin nan mahauta tara sun bar sana'ar. Manajan kantin bai ƙara waiwayo ba. Aikin da tsoho ɗaya da tsuntsaye ke gamawa kafin azahar, yanzu mutum bakwai ke yin sa har la'asar, da itacen ƙonawa, da hayaƙi. Farin Kaya ya daina sa fararen kaya, amma sunan bai bar shi ba.

Baba kansa bai san ko biyun nan mace da namiji ba ne, sai ranar da ya ga ɗaya ta ɗauki ƙirare a baki ta hau rimi. Ya dawo gida ya ce wa matar ɗansa, "'Yar nan, marasa lafiyarki sun fara gini." Ta yi murmushi, ta ci gaba da tankaɗe.

Bayan shekara guda, wata safiya Baba ya buga shebur. Uku suka sauko. Ta ukun ƙarama ce, gashin wuyanta bai gama fita ba.

Farin Kaya ya ajiye baro yana haki. "Baba, sun ƙaru. An gode Allah."

Gwaggo ta ɗingiso daga bakin famfo ta leƙa. "Ai kuwa. Sai ka je ka ɗinka sabuwar farar riga, ta samu wurin yin kashi."

Baba bai yi dariya ba. Idonsa yana kan ƙaramar.

"Hamsin da takwas ka kashe a hantsi ɗaya," ya ce. "Ɗaya muka samu a shekara. Kai ne mai boko, ka lissafa ka gani ko za ka kai."

Farin Kaya ya sunkuya ya ɗauki baron.

Darasi: Babu halittar da Allah ya yi a banza, ko da kuwa mai muni ce, ko mai wari. Kowace tana riƙe da wani aiki, kuma ba za ka san nauyinsa ba sai ranar da ya dawo kanka. Idan ka cire ɗaya, ba ita kaɗai ke tafiya ba, kuma wanda zai maye gurbinta ba kai za ka zaɓa ba. Kashewa hantsi ɗaya ce, dawowa kuwa sai jikoki. Kafin ka sare itace, ko ka zuba guba, ko ka raina tsohon da ya ce maka bari, ka tambaya tukuna: wannan me yake yi mana? 'Yan'uwa, ku tura wa mahauta da manoma da duk mai maganin feshi a ɗakinsa, ko Allah zai sa wani ya ajiye galan ɗinsa tun sama ba ta zama wayam ba.